Na'urar Da Ta Ƙi Auta

A gidan nan, safiyar Asabar ta Auta ce. Kowa ya san haka, har magen gidan.

Da an gama karin kumallo, Mama za ta zauna a bakin gado. Auta ta kawo mataji da man gashi, ta zauna a gabanta. Mama tana taje mata kai, ita kuma tana zuba surutu. Wa aka kora daga aji, wa ya sha alewa a ɓoye, duk sai Mama ta ji. Auta tana aji biyar na firamare, amma ranar Asabar jaririya take komawa.

Wata rana da yamma Baba ya dawo daga aiki da wani farin kwali. Ya miƙa wa Yaya, babbar 'yarsa, wadda ta gama sakandare bara. Yaya ta rungume kwalin kamar za a ƙwace mata.

"Ni fa, Baba?" in ji Auta.

"Ke da na sayo wa takalmi kwanan nan?"

"Ai takalmi ba a kwali mai hoto ya zo ba."

Baba ya yi dariya, ya shafa kanta, ya wuce ɗaki. Auta ba ta ga abin dariya ba.

Asabar ta zo. Auta ta ɗauko matajinta kamar kullum.

"Jira ni tukuna, Auta," in ji Mama. "Bari mu gama da yayarki."

Mama da Yaya suka shiga ɗaki da farin kwalin. Suka turo ƙofa, har da sakata.

Auta ta zauna a ƙasa, mataji a hannu. Can sai ta ga haske ya gilma ta ƙarƙashin ƙofa kamar walƙiya. Ya sake gilmawa. Sai kuma ta ji dariyar Mama, irin dariyar da take yi in Auta ta ba ta labari.

Kishi ya kama Auta, amma da za ka faɗa mata haka, da ta rantse ba shi ba ne.

Da Mama ta fito, rana ta yi sama. Ta taje wa Auta kai cikin sauri, don tana da girki. Labarin da Auta ta tanada tun Laraba, ko rabinsa ba ta bayar ba.

Asabar ta gaba ma haka aka yi. Ta bayanta kuwa Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ta tura baki, ta ƙi motsawa.

"To, shigo ki gani, ko ma huta," in ji Mama. "Amma ki zauna can, kuma ki sa wannan."

Ta ba ta baƙin gilashi. Su ma suka sa nasu.

Abin da ke cikin kwalin wata farar na'ura ce, kamar ta busar da gashi, amma ƙarama. A bakinta akwai gilashi mai kusurwa huɗu. A ƙasan gilashin akwai wani ɗan ido kamar ƙwayar wake. A bayanta kuma akwai madanni na ƙara ƙarfi ko ragewa.

"Mene ne wannan?" Auta ta tambaya.

"Ta rage gashin jiki ce," in ji Mama. "Haske take harbawa. Hasken yana bin baƙin gashi har tushensa, ya ɗumama shi. Sai gashin ya daɗe bai fito ba. Amma yana dawowa, shi ya sa ake maimaitawa."

Yaya ta riga ta aske ƙafarta da reza. Mama ta ɗora na'urar a kai. Wata 'yar fitila ta kawo kore. Mama ta danna, haske ya tashi.

"Da zafi?" in ji Auta.

"Kaɗan," in ji Yaya. "Kamar an harbe ka da roba."

Auta ba ta tsaya inda aka ce ta tsaya ba. Ta matso, ta tura hannunta ƙarƙashin na'urar. Fitilar ta kawo ja. Na'urar ta yi tit, tit, ba ta ba da haske ba.

Yaya ta bushe da dariya. "Ta ƙi ki," ta ce.

"Janye hannunki," in ji Mama. "Ba ta yara ba ce. Kuma ɗan idon nan launin fata yake dubawa. In fatar ta yi duhu, ba ta yarda ta yi aiki. Yanzu fita, fuskar yayarki za mu yi."

Mama ta yi bayani mai kyau. Amma a cikin maganar duka, abu ɗaya Auta ta ji. Ta ƙi ki.

Yaya hasken fatar Baba ta ɗauko. Auta kuwa baƙa ce wuluk kamar Mama, fatarta har ƙyalli take yi. Wannan bai taɓa damunta ba sai ranar. Ta tsaya gaban madubi ta daɗe tana kallon hannunta.

"Kwali nata, Mama tata, har na'ura ma tata," ta ce wa magen gidan. "Ni me aka bar mini?"

Mage ta yi hamma, ta juya baya.

Ranar Talata Auta ta dawo daga makaranta. Mama ta fita sayen kayan miya. Yaya tana wurin koyon kwamfuta. Gida shiru.

Auta ta hau kujera, ta sauko da kwalin daga kan durowa. Ta jona na'urar a wuta. Ta ɗora ta a hannunta. Ja. Tit, tit.

Ta shafa wa hannun hodar Mama, har ya yi fari fat. Ta sake gwadawa. Ja.

"Za ki sani," ta ce da na'urar.

Auta yarinya ce mai wayo, sai dai wayon nata bai san inda zai tsaya ba. Ta tuna da ɗan idon nan. Ta buɗe akwatin magani, ta yanko ɗan guntun filasta, ta liƙe a kansa. Ta sake ɗorawa.

Fitila ta kawo kore.

Daɗi ya rufe Auta. Ta lura Mama a tsakiya take barin ƙarfin na'urar. To, in na Yaya tsakiya ne, nata sai ƙarshe. Ta danna madannin har ya ƙure. Ba ta yi aski ba. Baƙin gilashin ma ba ta sa ba, ido kawai ta runtse, ta kau da kai.

Ta danna.

Zafi ya ratsa ta. Wannan ba harbin roba ba ne. Amma in Yaya ta jure, ita ce za ta kasa? Ta duba, ta ga 'yan gashin hannunta ba su tafi duka ba. Ta sake dannawa a wurin. Ta kuma sakewa.

Sai ƙaurin gashi ya cika ɗakin. Hannun ya ɗauki raɗaɗi kamar an ɗora masa garwashi. Hawaye suka cika mata ido.

Nan take ta ji motsin ƙofar gida. Ta zare waya, ta cusa na'urar a kwali, ta mayar kan durowa. Ta zura riga mai dogon hannu, ta zauna ta buɗe littafi a kife.

Washegari a aji, Malama ta ce a yi rubutu. Auta tana rubutu tana cije leɓe.

"Auta, lafiya?" in ji Malama. "Wannan zafin ranar, ke kuma da rigar sanyi?"

"Sanyi nake ji, Malama."

"Sanyi kike ji kina gumi? Zo nan. Naɗe hannun rigar in gani."

Auta ta naɗe a hankali. Wurin ya tashi, ya yi bororo, rigar har ta ɗan manne.

Malama ta riƙe baki. Ta kama ɗaya hannun, ta kai ta wurin nas ta makaranta. Nas ta wanke wurin, ta shafa magani, ta naɗe. Aka kira Mama a waya. Kafin a tashi ta iso, hankali a tashe.

"Me ya ƙone ki haka?" in ji Mama.

Auta ta kalli ƙasa. "Dutsen guga ne."

"Wa ya bar dutsen guga a kunne?"

A gidan, guga aikin Yaya ne. Auta ta san haka sarai. Ta yi shiru, ta bar shirun ya ba da amsa.

Da suka koma gida, Mama ta rufe Yaya da faɗa.

"Sau nawa zan ce ki riƙa kashewa? Dubi hannun ƙanwarki."

"Wallahi Mama na kashe," in ji Yaya. "Har na naɗe wayar."

"To, shi ya kunna kansa?"

Idon Yaya ya kawo ruwa. Ta zo ta durƙusa gaban Auta. "Yi haƙuri, Auta. Ban san na bar shi ba."

Kunya ta ɗan taɓa Auta. Amma gaskiyar magana, daɗin ya fi kunyar yawa. Mama ta dawo tata. Ita ke canza mata bandeji. Ita ke ba ta shayi a baki, kamar ɗaya hannun ma ya ƙone. Baba ya sayo mata biskit. Yaya kuwa sai sunkuyar da kai take yi, tana wanke kwanukan da Auta ya kamata ta wanke.

Haka aka yi har Asabar.

Da safe Mama ta fara duba hannun Auta. Sannan ta miƙe, ta sauko da farin kwalin.

"Yau fuska kawai za mu yi," ta ce da Yaya. "Mu yi sauri, ina da mara lafiya."

Suka shiga. Sakata ta yi ƙara.

Auta tana kwance a kujera tana cin biskit. Sai ta tuna. Filasta. Ba ta cire filastar ba. Ƙarfin na'urar ma a ƙarshe ta bar shi.

Ta tashi zaune. Ta taɓa jin Mama tana cewa ƙarƙashin haɓar Yaya ya fi duhu, can na'urar takan ƙi. Yau ba za ta ƙi ba. Yau idonta a rufe yake.

Wata murya a zuciyarta ta ce, yi shiru. Ai Yaya fara ce, ba abin da zai same ta. In ma ya same ta, ta ɗanɗana. Ba ita ta yi miki dariya ba? Kuma in kika yi magana, biskit ya ƙare, shayi a baki ya ƙare.

Auta ta kalli bandejin hannunta. Ta tuna yadda wurin ya tashi. Ta ɗauki wannan ƙunar a ranta, ta ɗora a fuskar Yaya.

Ta ji na'urar ta yi ƙarar kunnawa.

Ba ta san lokacin da ta isa ƙofar ba. Ta shiga bugun ta da hannu mai lafiyar.

"Mama, kar ki danna! Mama, buɗe!"

Mama ta buɗe, na'ura a hannu. "Ke lafiya? Hannun ne?"

"Akwai filasta a idon na'urar," in ji Auta, tana haki. "Ni na liƙa. Ba dutsen guga ba ne ya ƙone ni. Ita ce."

Mama ta cire baƙin gilashinta. Ta juya na'urar, ta duba. Ga guntun filasta nan, fari a kan fari, sai ka lura za ka gan shi. Ta dubi madannin ƙarfi. Ta zare wayar daga bango, ta zauna a bakin gado.

Da Mama ta yi ihu, da ya fi wa Auta sauƙi.

Yaya ce ta fara buɗe baki. "Kika bari aka yi mini faɗa? Har na durƙusa na ba ki haƙuri?"

Auta ta fashe da kuka. "Ke aka saya wa. Ke Mama take rufe ƙofa da ke. Kuna ta dariya, ni ina waje. Kuma kika ce ta ƙi ni."

Yaya ta ce, "Matso kusa. Kalli haɓata da kyau."

Auta ta matso. A haɓar Yaya akwai ɗigo-ɗigon baƙin gashi da aka aske, irin na Baba in ya kwana bai yi aski ba. Auta ba ta taɓa lura ba.

"Tun ina aji uku na sakandare yake fito mini," in ji Yaya. "A makaranta Mai Gemu suke kirana. Kullum sai na riga kowa tashi, in aske kafin a gan ni. Likitar fata ce ta duba ni, ta ce in gwada wannan. Ƙofar da muke rufewa, ni na roƙi Mama. Kunya nake ji. Dariyar kuwa, Mama ce take ba ni don kar in yi kuka."

Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Abin da ta yi ta ƙyashi a kai, ashe ciwo ne Yaya take ɓoyewa.

Mama ta ɓare filastar. Ta mayar da waya, ta rage ƙarfin, ta ɗora na'urar a nata hannun. Fitila ta kawo ja. Tit, tit.

"Kin gani? Ni ma ba ta yarda da ni," in ji Mama. "Na yi kuka? Hasken nan baƙin abu yake nema. A jikin yayarki gashi ne ya fi duhu, sai ya bi gashin. A jikina da naki, fatar ma baƙa ce, sai ya kama fatar ya ƙone ta. Da ta kawo miki ja, ba raina ki ta yi ba. Kare ki take yi. Ke kuma kika rufe mata ido."

"Na ɗauka don ba ni da kyau ne," in ji Auta a hankali.

"Na'ura ta san kyau? Kalle ni. Ni mummuna ce?"

Auta ta girgiza kai da sauri.

"To, fatata ce a jikinki. Da ita na haife ki, kuma ina son abata."

Mama ta share mata hawaye. Amma ba ta bar maganar a nan ba.

"Laifinki uku. Kin taɓa abin da na hana ki. Kin yi ƙarya. Kin bar wata ta ɗauki laifinki. Na ukun ya fi mini ciwo. Ni ma na yi wa yayarki faɗa ban bincika ba." Ta juya wurin Yaya. "Ki yafe mini."

"Haba Mama, ba komai," in ji Yaya.

Auta ta durƙusa, daidai yadda Yaya ta durƙusa mata. "Yaya, ki yi haƙuri. Don Allah."

Yaya ta bar ta a durƙushe har gwiwarta ta fara tsami. Sannan ta ja ta jikinta.

"Na haƙura. Da ba ki buga ƙofar nan ba, da yanzu wani zancen ake yi. Ni ma bai kamata in yi miki dariya ba."

Da Baba ya ji labari, ya ce Auta ta je ta faɗa wa Malama da nas gaskiya da bakinta. Ya ce kuma in hannu ya warke, wanke-wanken Yaya ya dawo kanta har ƙarshen zangon karatu. Biskit kuwa, mage ma ta fi ta samu.

Ranar Litinin Auta ta tsaya gaban teburin Malama, ta faɗi komai.

"Na yi mamaki dama," in ji Malama. "Dutsen guga mai ƙaramin baki haka ban taɓa gani ba. Kin yi kuskure babba, amma kin gyara kafin ya cuci wata. Je ki zauna."

Mama ta kai Auta wurin likitar fata. Likita ta duba hannun, ta ce Allah ya taimaka ba a ido ba ne. Ta ce tabon zai daɗe kafin ya baje, kuma kar rana ta riƙa dukansa.

Mama ta raba Asabar biyu. Auta da safe, Yaya bayan azahar. In lokacin Yaya ya yi, Auta da kanta take fita ta ja musu ƙofa.

Saboda maganar likita, Yaya ta ɗauki aikin raka ta makaranta da lema. Suna tafe, Yaya tana karkata lemar wajen hannun Auta, ita kuma rana tana dukan kafaɗarta.

"Yaya, ke ma shigo inuwar mana."

"Ba za ta ishe mu ba."

"Za ta isa. Matso."

Yaya ta matso. Suka tafi a manne, suna taka wa juna ƙafa, suna dariya.

Tun daga lokacin, in Auta ta ga an yi wa wani abin da ba a yi mata ba, takan tambaya kafin ta ƙullata. Ta gane cewa kishi ba ya barin mutum ya ga damuwar ɗan'uwansa, sai abin da ke hannunsa. Ta kuma gane cewa in babba ya ce kar a taɓa abu, ba ƙiyayya ba ce, akwai cutar da ya hango.